Fiffiken Da A Ke Ɗinkawa A Gida

Duk wanda ya saba ɗaga kai da hantsi ya sha ganin ungulu ko shirwa ta shimfiɗa fikafikanta tana kewayawa a sama, ba ta kaɗa su ko sau ɗaya, amma sai ƙara nisa ta ke yi har ta ɓace wa ido. Dalilin haka shi ne, in rana ta gasa ƙasa, iskar da ke bisanta ta kan yi zafi ta tashi sama kamar hayaƙi, tsuntsuwar kuwa sai ta shiga ciki ta bari iskar ta ɗauke ta. A zamanin nan akwai dubban mutane a ƙasashen duniya waɗanda ke yin irin wannan shawagi, ba inji, ba mai, sai wani fiffike na yadi da igiyoyi wanda a ke naɗewa a sa cikin jaka a goya a baya. Turawa suna ce da shi faragilaida, mu kuwa a nan za mu kira shi laimar shawagi, domin dangin laimar nan ce da soja ke dirowa da ita daga jirgin sama.

Galibin masu wannan wasa sayen laimarsu su ke yi daga kamfani. Amma akwai waɗansu 'yan ƙalilan da su kan sayo yadi da zare, su share tsakar ɗaki, su zauna gaban keken ɗinki su yi abinsu da hannunsu. To, abin tambaya shi ne, ko ya kamata mutum ya rataya ransa ga abin da ya ɗinka a gida? Kafin mu amsa, sai mu duba inda abin ya samo asali, da yadda a ke yinsa.

Asalin Abin

Abin mamaki, tushen wannan fiffike ma a gida ya ke. Akwai wani injiniya a Amurka, sunansa Francis Rogallo, yana aiki a ma'aikatar gwamnati ta binciken jiragen sama. Ya daɗe yana tunanin fiffike mai laushi wanda ba shi da ƙashi, amma tun da ya ke ma'aikatar ba ta kula da zancen ba, sai ya koma yana yi a gida bayan an tashi daga aiki. Cikin 1948 matarsa Gertrude ta yanka labulen ɗakin girkinsu ta ɗinka masa na gwaji, su ka kunna fanka cikin gida su ka ga iska ta ɗauke shi. Cikin 1951 gwamnati ta ba su takardar shaida cewa su ne su ka ƙago shi. Daga baya hukumar binciken sararin sama ta Amurka ta jarraba shi don sauko da kumbo ƙasa, ko da ya ke a ƙarshe ba ta yi aiki da shi ba.

Bayansa sai wani mai suna Domina Jalbert, haifaffen Kanada mazaunin Amurka, wanda sana'arsa yin irin abin nan na yadi da a ke ɗaura wa zare a sake shi iska ta ɗauka. Cikin 1964 ya fito da dabarar da har yau a kanta a ke tafiya, watau a ɗinka yadi biyu, ɗaya bisa ɗaya, a raba tsakaninsu ɗaki ɗaki, a bar gaba a buɗe, a rufe baya. In iska ta shiga ta bakin ba ta da mafita, sai ta hura shi ya kumbura ya yi siffar fiffiken jirgin sama. Cikin 1965 kuma wani injiniya, David Barish, ya ruga a guje daga kan gangaren wani tudu a jihar Niyok da irin tasa laimar, mai yadi fallan ɗaya, ta kuwa ɗauke shi.

Amma inda wasan ya kafu sosai shi ne wani ƙauye mai suna Mieussy cikin duwatsun Faransa. A watan Yuni na 1978 waɗansu abokai uku masu dirowa daga jirgi, Jean-Claude Bétemps da André Bohn da Gérard Bosson, su ka ga ba lalle sai an hau jirgi ba tukuna. Su ka hau dutse da laimarsu, su ka shimfiɗa ta a gangare, su ka ruga har ta cika da iska. Bohn ya sauka a filin ƙwallo can cikin kwari, nisan wajen mita 1,000 ƙasa da inda ya tashi. Cikin shekarun 1980 sai kamfanoni su ka soma ɗinka laima musamman domin wannan wasa.

Yadda Fiffiken Ya Ke

Domin masu karatu su gane girman aikin, bari mu kwatanta laimar mutum ɗaya ta yanzu. In an shimfiɗa ta a ƙasa, daga wannan gefe zuwa wancan ta kan kai mita 10 zuwa 12, mita ɗaya kuwa ya ɗan ɗara yadi ɗaya. Faɗinta duka ya kan kama daga murabba'in mita 20 zuwa 30, gwargwadon nauyin mai tashi da ita. Duk da wannan girma nauyinta bai cika wuce kilo 5 ko 6 ba.

Tsakanin yadin sama da na ƙasa akwai waɗansu ƙyallaye a tsaye, jere kamar haƙarƙari, su ne ke ba fiffiken siffarsa, gaba da kauri a lanƙwashe, baya siriri. Kowane haƙarƙari an fasa masa ramuka don iska ta riƙa ratsawa daga wannan ɗaki zuwa wancan, yadda in gefe ɗaya ya saɓe sauran za su sake hura shi. Laimar masu koyo ta kan yi ɗakuna wajen 40, ta ƙwararru kuwa har ta wuce 70.

Daga ƙarƙashin fiffiken igiyoyi ke saukowa, da yawa daga sama, suna haɗuwa biyu biyu ko uku uku kamar rassan itace, har su taru ga maɗaurai biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, waɗanda a ke maƙalawa ga kujerar yadi da mutum ke zaune ciki. Akwai kuma igiyoyi na musamman da ke ɗaure ga gefen baya, mutum yana riƙe da su hannu biyu kamar linzami. In ya ja na dama ya juya dama, in ya ja na hagu ya juya hagu, in ya ja duka biyu ya rage gudu don sauka. Laimar kirki tana tafiya kilomita 35 zuwa 40 cikin awa, kuma in iska na kwance ta kan ci gaba mita 8 ko 9 kafin ta sauko mita ɗaya. Watau wanda ya tashi daga tudu mai tsawon mita 1,000 ya iya kai kilomita 8 ko 9 ko da bai sami iska mai zafi ta ɗaga shi ba.

Yanka Da Ɗinki

Abu na fari da mai yi a gida ke bukata shi ne zane, domin ba a yanka fiffike da ka. Dā wannan asiri ne na kamfanoni, amma wani mutumin Kataloniya a ƙasar Sifen, Pere Casellas, ya shafe shekaru yana zana laimomi yana sa zanen a intanet kyauta ga mai so, har da wani tsari na kwamfuta da ke lissafa siffar kowane ƙyalle da tsawon kowace igiya. Cikin zanensa akwai na fiffike mai yadi fallan ɗaya, irin tunanin da Barish ya fara da shi. Shi ne masu farawa su ka fi so, domin ɗinkinsa ya fi sauƙi, kuma ba shi da nauyi.

In an sami zanen sai a buga shi a takarda daidai girmansa na ainihi, a shimfiɗa a kan yadi, a zana, a yanka. A nan ne kuskure na fari ya kan shigo, domin injin bugu ya kan rage girman zane ko ya ƙara ba tare da mutum ya lura ba, saboda haka wajibi ne a sa ma'auni a auna kafin almakashi ya taɓa yadi.

Yadin kuwa ba irin na kasuwa ba ne. Nailan ne da a ka saƙa musamman, an ratsa shi da zare mai ƙarfi tsaye da kwance kamar gidan dara, don in ya huje kada yagewar ta yi nisa, sa'an nan an shafa masa wani shafi mai hana iska wucewa. Murabba'in mita ɗaya nauyinsa giram 27 zuwa 40 ne kawai. Kamfanoni kaɗan ne a duniya ke saƙa shi, daga cikinsu akwai Porcher na Faransa. Wanda ya ce zai yi da yadin tanti ko na rigar ruwa ya ɓata kuɗinsa, domin wani ya yi nauyi, wani ya miƙe, wani kuwa iska ta bi ta cikinsa ta fice.

Kowane tela ya san yadi ba ya miƙewa in an ja shi a tsaye ko a kwance, amma in an ja shi a karkace sai ya saki. Haka nan ne a nan, don haka kowane ƙyalle akwai fuskar da za a kwantar da shi kafin a yanka. Har wa yau gefunan ƙyallayen ba miƙaƙƙu ba ne, an ɗan lanƙwasa su, domin in iska ta hura ɗaki ya kan yi tumbi, in kuwa ba a bar masa wurin tumbin ba sai fiffiken ya tattare.

Keken ɗinki na gida ya isa aikin, muddin yana tafiya daidai, an sa masa siririyar allura da zare na roba mai ƙarfi. Wahalar ita ce yadin yana da santsi, ga shi a wuri ɗaya a kan haɗa ƙyalle uku ko huɗu, watau na sama biyu da haƙarƙarin da ke tsakaninsu, a bi su da ɗinki guda na tsawon mita biyu ko fi. Saboda haka a kan ɗiga alamu a gefen kowane ƙyalle, mai ɗinki ya riƙa haɗa alama da alama yana tafiya sannu sannu. Ga wani ɗan lissafi da ya dace malamai su ba yara a aji. In fiffike yana da haƙarƙari 50, a ka yi kuskuren milimita 2 a kowane ɗaya, duk ta fuska ɗaya, kuskuren ya taru ya zama milimita 100, watau santimita 10. A riga wannan ba kome ba ne, mai ita ma ba zai sani ba. A fiffike kuwa ya isa ya sa laima ta riƙa karkata gefe guda duk tsawon ranta. Mai yi shi kaɗai bayan ya taso daga aiki ya kan yi makonni, wani ma watanni, kafin ya rufe ɗinkin ƙarshe.

Zancen Igiyoyi

Mutane da yawa sun ɗauka in an gama ɗinkin yadi an gama aiki, alhali kuwa igiyoyi su ne ke riƙe da ran mutum, kuma su ne ke tsai da fiffiken yadda zai fuskanci iska. In an haɗa tsawonsu duka ya kan wuce mita 250. Waɗansu kaurinsu bai kai milimita ɗaya ba, amma guda ɗaya ta iya ɗaukar kilo masu yawa. Iri biyu a ka fi aiki da su. Akwai Dyneema, mai jure lanƙwasa, sai dai ta kan tsuke in ta daɗe ko ta sha zafi. Akwai kuma Kevlar, wadda tsawonta ba ya cika sakewa, amma rana da yawan lanƙwasa su kan rage mata ƙarfi.

Ba a ƙulla waɗannan igiyoyi yadda a ke ƙulla igiyar guga, domin ƙulli yana rage ƙarfin igiya ƙwarai. A kan naɗe bakin ne a yi masa hanci a bi da ɗinki. Wajen awo kuma sai an rataya wa kowace igiya nauyin kilo 5 tukuna a auna, don kowace ta miƙe daidai da 'yar'uwarta, kuma bambancin da a ke yarda da shi bai wuce wajen santimita ɗaya ba cikin igiya mai tsawon mita 7. Dalilin wannan tsanani shi ne, in igiyoyin baya su ka gajarta, fiffiken ya kan ɗaga baki fiye da kima, gudunsa ya ragu, har ya kai inda zai daina tafiya gaba ya riƙa saukowa tsaye da sauri. In kuwa na gaba ne su ka gajarta, sai ya sunkuya, bakinsa ya riƙa rufewa da zarar iska ta ɗan hargitse.

Sai An Gwada

To, a nan ne mu ka iso ga ainihin magana. A ce mutum ya sami zanen kirki, ya sayi yadi na gaske, ya yi ɗinki ba aibi. Har yanzu akwai abu guda da laimar kamfani ta fi tasa da shi, watau jarrabawa. Hausawa sun ce sai an gwada a kan san na ƙwarai.

A Turai akwai ƙa'ida da a ke kira EN 926, kashi biyu ce. Kashi na fari na ƙarfi ne. A kan ɗaura laimar ga mota a fizge ta da ƙarfi farat ɗaya, sa'an nan a ja ta a guje har nauyin da ke kanta ya kai ninki 8 na iyakar nauyin da a ka ce za ta ɗauka. In ɗinki ya ɓarke ko igiya ta tsinke, ta faɗi. Kashi na biyu na hali ne. Waɗansu gwanaye, waɗanda aikinsu ke nan, su kan tashi da ita bisa ruwa, kamar yadda a ke yi a Villeneuve a bakin tafkin Janeba cikin Suwizalan, da laimar ceto a jikinsu, jirgin ruwa kuma yana jira a ƙasa. Da gangan su kan ja igiya su rufe rabin fiffiken, ko su tsai da shi cak, ko su sa shi wulwulawa, sa'an nan su saki su ga ko zai komo daidai da kansa, da tsawon lokacin da zai ɗauka. Bisa ga abin da su ka gani a ke ba laima daraja daga A zuwa D. Mai A ita ce mai haƙuri, ta masu koyo, mai D kuwa sai gwani. A Jamus doka ba ta yarda mutum ya tashi da laimar da ba a jarraba irinta ba.

Muhimmancin wannan shi ne, fiffiken yadi ba shi da ƙashi, iska ce kaɗai ke riƙe da shi, kuma iskar nan mai zafi da ke ɗaga ungulu ba lafiya lau ta ke tashi ba, tana da hargitsi a gefunanta. Ko laimar da ta fi kowace kyau wata rana gefenta zai saɓe. Bambancin shi ne, ta kamfani an riga an ga abin da ta ke yi in haka ta faru, ta gida kuwa mai ita ne zai fara gani, yana rataye a sama. Wanda ya ɗinka laimarsa ya zama shi ne gwanin jarrabawa ke nan, ko ya shirya ko bai shirya ba. Ga kuma wata matsala, jarrabawar ƙarfi ta kan lalata laimar da a ka yi da ita, kamfani kuwa yana da wata, amma mai guda ɗaya tak ba shi da abin sadaukarwa.

Tarihi ya riga ya nuna tsadar wannan. Otto Lilienthal, Bajamushe, injiniya ne mai lura ƙwarai, shi ya riƙa ƙera fikafikansa da sandunan itace da yadin auduga, ya yi tashi wajen 2,000 daga 1891 zuwa 1896. Ran 9 ga Agusta 1896 fiffikensa ya tsaya a sama ya kifo da shi, kashegari ya rasu a Balin. Ba rashin sani ya kashe shi ba, sai dai a zamaninsa ba wanda zai jarraba masa, dole shi ya gwada da jikinsa. Mutumin yau ba shi da wannan uzuri.

Saboda haka masu hankali cikin masu ɗinki a gida suna bin abin daki daki. Da ma sun riga sun koyi tashi wurin malami da laimar da a ka jarraba, sun yi shekaru suna yi. In sun gama tasu, su kan yi kwanaki suna hura ta a fili ƙafarsu na ƙasa, suna duban inda ta tattare da inda ta karkata. Sa'an nan su koma ƙaramin gangare mai yashi ko ciyawa inda faɗuwa ba ta kisa, kana su nemi wani ƙwararre ya duba musu ɗinki da igiyoyi. Ba su hawa dogon dutse sai da hular kwano da laimar ceto ta kamfani, kuma ba su ɗaukar kowa a kanta. Ko bayan haka aiki bai ƙare ba, domin rana tana cin shafin yadin a hankali har iska ta fara ratsa shi, don haka a kan sake auna yadi da igiyoyi lokaci lokaci, galibi shekara shekara ko bayan shekara biyu.

Wanda ke tsammanin arha zai samu ma ya sake lissafi. Kamfani yana sayen yadi da igiya a kan sari, shi kuwa zai saya a kan tsada, ga kuɗin aikowa, ga na abin da zai ɓata wajen koyo. Sau da yawa tsohuwar laima da a ka duba a ka tabbatar da lafiyarta ta fi sauƙin kuɗi. Ribar ɗinki a gida ita ce ilmi, domin wanda ya haɗa haƙarƙari 50 da hannunsa ya san fiffike sanin da mai saye ba zai yi ba.

Abin Da Ya Shafe Mu

Mai son ganin wannan wasa da idonsa ba sai ya je Turai ba. Tun 2005 a ka fara bikinsa a ƙasar Kwahu ta Gana lokacin hutun Ista, inda gwanaye daga ƙasashe dabam dabam ke tashi daga dutsen Odweanoma kusa da Atibie, su ɗauki baƙi ɗaya ɗaya su sauka a Nkawkaw.

Ga malaman makaranta kuwa, akwai darasi a nan wanda ba ya bukatar kowa ya bar ƙasa. A sami ƙyallen nailan mara nauyi, a ɗinka ƙaramin fiffike mai ɗakuna 5 ko 6, faɗinsa kamar mita ɗaya, a ɗaura masa zare a fita fili da yara ran da iska ke kaɗawa. Za su ga yadda ya ke cika ya tashi. Sa'an nan a rage tsawon zaren baya kaɗan, su ga yadda zai ƙi tafiya ya faɗo. Cikin wannan ɗan wasa akwai lissafi, akwai awo, akwai sanin halin iska, akwai kuma girmama sana'ar tela. Amma a gargaɗe su da babbar murya, kada wani ya ɗauki zanen gado ko laimar ruwa ya hau soro ko itace ya ce zai gwada. Matar Rogallo ma da ta yanka labulenta, ba mijinta ta rataya a kai ba, fanka su ka kunna masa tukuna.